Kalmar "esperar" ta rikita ni: jira ce ko fata?

Baduku_Zengo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni baduku ne a Zengo, jakunkunan fata nake ɗinkawa. Wata mata daga Sifaniya ta yi odar guda shida, shi ya sa nake koyon Sifaniyanci a waya da dare. Ranar Alhamis ta rubuto mini: "Espero el paquete el lunes." Da Faransancina na lakwal sai na ɗauka "j'espère" ce, wato fata take yi kawai, na ci gaba da aikina a hankali. Ashe jiran kayan take ran Litinin! Wallahi abin ya dame ni, don ban saba saɓa alkawari ba. Yaya ake bambance su?

Malama_Birni:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kunnenka bai yi ƙarya ba. "Esperar" da "espérer" tushensu ɗaya, "sperare" ta Latin. Sai dai Faransanci ya ware "attendre" don jira, Sifaniyanci kuwa ya ɗora wa kalma guda jira da fata da tsammani. Ka riƙa duba abin da ya biyo ta. In mutum ne ko kaya ko mota, yawanci jira ne: "te espero en la puerta", ina jiran ka a bakin ƙofa. In "que" ta biyo, fata ne: "espero que vengas", ina fata ka zo. Amma da an saka ɗan "a" a tsakani, "espero a que vengas", an koma jira har sai ka zo. Wannan "a" ɗin ya daɗe yana ba ni wahala. Kuma kada "atender" ta ruɗe ka, ita kula da mutum take nufi, kamar mai saye a shago.

Ɗan_Dole:
Maigida, ai mu ma muna da irinta. In ka ce "ina sauraron ka", ko kunne ka kasa, ko jiran mutum kake, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa. Na ji masu Sifaniyanci ma, in mace na da ciki, cewa suke "espera un bebé", wato tana jiran jariri.

Baduku_Zengo:
Yaya Malama, Allah ya saka da alheri. Misalin "sauraro" ma ya zauna mini. Jaka huɗu sun kammala, saura biyu. Zan rubuta mata "espero que pueda esperar", ina fata za ta iya jira. Daidai ne?

Malama_Birni:
Daidai ne. Ka faɗa mata ranar da za ka aika.