Tambaya a kan The Venture Bros.: shin an yaudari masu kallo da mutuwar Hank da Dean?

Bashir_Zane ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina gargaɗin wanda bai kalli wannan shirin katun na talabijin ba cewa maganata za ta tona abin da ya faru a ƙarshen zango na farko da farkon na biyu.

A kashin ƙarshe na zangon farko, wanda tashar Adult Swim ta Amurka ta nuna a watan Oktoba na 2004, bindiga ta tashi bisa kuskure a hannun 'yan barandan wani mugu mai suna Monarch, wato mai lamba 21 da mai lamba 24, ta hallaka Hank da Dean, samari 'yan'uwan juna da shirin yake ɗauke da sunansu, a kan hanya. Mahaifinsu Dakta Rusty Venture ya iso wurin, bai yi kuka ba, bai ma nuna ruɗewa ba, abin da ya ce kawai shi ne a kwashe tufafinsu. Da zango na biyu ya fara a watan Yuni na 2006, sai aka bayyana cewa yana da kwafin yaran, wato jikkuna irin nasu sak da aka samar ta hanyar kimiyya, birjik a ɗakin gwaje-gwajensa, kuma sun sha mutuwa a baya yana maye gurbinsu. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na ji tausayin yaran da gaske, sannan aka nuna mini tamkar tausayin nawa ba shi da muhalli. Na ga masoya shirin da yawa suna yabon wannan kashi, wasu har suna cewa daga nan shirin ya samu ƙafafunsa. Me suka gani wanda ni ban gani ba?

Hajara_K ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Damuwarka tana da tushe, amma ina ganin ya kamata a fara duba abin da shirin yake yi wa shaguɓe. Marubutan shirin, Jackson Publick da Doc Hammer, sun gina shi ne a kan katun ɗin Jonny Quest na 1964, inda wani masanin kimiyya yake yawo da ɗansa ƙarami cikin dazuzzuka da maɓoyar miyagu, ana harbe-harbe a kansa, amma yaron ko ƙwarzane ba ya samu. Tambayar da marubutan suka yi ita ce, idan da gaske uba yana jefa 'ya'yansa cikin irin wannan haɗari kowane mako, me zai faru? Amsar ita ce yaran za su mutu, kuma ba sau ɗaya ba. Shi ya sa aka jero mana mace-macen nasu, waɗanda suka haura goma: Hank ya yi tsalle daga saman rufi da kayan Batman, an yi gudu da almakashi a hannu, iskar gas ta tsiyaya suna barci. Da yawa daga ciki ma ba a fagen yaƙi suka faru ba, a cikin gida ne, saboda babu mai lura da su.

A wurina, nan ne nauyin kashin yake. Mutum yana dariya, sai can ya farga cewa abin da yake yi wa dariya shi ne uban da ya ga ya fi masa sauƙi ya ajiye 'ya'ya na canji a kan ya kula da waɗanda ke gabansa. Maganar tufafin nan da ta ba ka haushi ba rashin kulawar marubuta ba ce, ita ce shaidar farko da suka ajiye mana, domin mutumin da ya saba da abu ne kaɗai zai yi magana haka a kan gawar ɗansa. Kuma shi kansa Rusty haka mahaifinsa Jonas ya raine shi, yana jan sa cikin haɗari tun yana yaro don neman suna. Saboda haka ba na ganin tausayinka ya tafi a banza, sai dai ya kamata ya ƙaru.

Nura_Gusau ya amsa:

Malama Hajara ta yi bayani mai kyau, amma ban yarda da ita gaba ɗaya ba, kuma ina tare da Malam Bashir a wani ɓangare. Mutuwar ƙarya ita ce babbar cutar labaran jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Kamfanin DC ya kashe Superman a ƙarshen 1992, jaridu suka ɗauki labarin, aka yi ta rububin sayen mujallar, sannan ya dawo da shi a 1993, kuma tun daga lokacin masu karatu da yawa suka daina ɗaukar mutuwar kowane jarumi da muhimmanci. Shirin da ya ce ya zo yi wa wannan al'ada ba'a, sai ga shi ya ci moriyarta: ya bar mutane sama da shekara ɗaya da rabi suna jira, har ma ya sauya hotunan buɗe shirin a wannan kashi, ya sa Rusty da ɗan'uwansa Jonas ƙarami a gurbin yaran don a ɗauka sun tafi ke nan. Wannan wasa da hankalin mai kallo ne, ko da an yi shi da gwaninta.

Hajara_K ta sake amsawa:

Malam Nura, da a nan marubutan suka tsaya, da na yarda da kai. Amma bambancin shi ne sun biya bashin da suka ci. Ina neman afuwar Malam Bashir, domin dole in taɓa abin da ke gaba. A ƙarshen zango na uku, a 2008, an tura dukkan kwafin yaran fagen faɗa aka hallaka su, ta yadda daga ranar Hank da Dean ba su da wani rai na ajiya. A cikin wannan kashi ne kuma mai lamba 24 ya mutu a fashewar mota, kuma bai dawo ba. Masu kallo da aka koya wa cewa mutuwa wasa ce a wannan shiri sun zauna suna jiran dabarar da za a dawo da shi, ba ta zo ba, sai dai aka nuna mana abokinsa 21 yana ɗauke da ƙoƙon kansa yana yi masa magana, baƙin ciki ya sauya shi daga matsoraci mai surutu ya koma mayaƙin da ake shakka. Ba na jin wannan mutuwa za ta yi zafi haka in da ba a fara sa mu sakankancewa ba.

Sannan asirin bai tsaya a matsayin abin dariya ba. A shirin musamman na 2012 Dean ya gano cewa shi kwafi ne, abin ya jefa shi cikin ƙunci na tsawon zango guda, ya koma sa baƙaƙen kaya yana ƙin mahaifinsa, alhali Hank da ya ji labarin murna ya yi. Yaran da a da ba sa girma, saboda kullum ana mayar da su baya, sun fara girma ne bayan da aka rufe wannan ƙofa.

Nura_Gusau ya sake amsawa:

Na karɓi wannan hujja game da 24, domin ni ma mutuwarsa ta taɓa ni. Sai dai har yanzu ina ganin wanda ya kalli kashin a 2006 ba shi da hanyar sanin cewa za a biya bashin bayan shekaru biyu, don haka fushinsa halal ne a lokacin.

Bashir_Zane ya rufe da cewa:

Na gode muku duka. Malama Hajara, babu laifi game da abin da kika tona, domin shi ne ya ba ni dalilin ci gaba, kuma zan sake kallon zangon farko ina lura da yadda Rusty da mai tsaronsu Brock Samson suke yi idan yaran suka shiga haɗari. Ina kuma tunatar da masu ƙananan yara a gida cewa duk da katun ne, akwai zubar da jini da maganganun manya a cikinsa, kada a kunna shi a falo.