Lambar 101 ta ƙi zuwa: me kuka gani a naku aikin?

Mai_Sabar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, lokacin da burauza ta nemi sabar su sauya ka'idar da suke magana da ita amma abin ya cije. Nawa kan WebSocket ne, ka'idar da ke barin haɗi a buɗe don burauza da sabar su riƙa aika wa juna saƙo. A kwamfutata komai lafiya lau: burauza ta aika GET ɗauke da Upgrade: websocket da Connection: Upgrade, sabar ta amsa da 101 Switching Protocols, wato ta amince a sauya ka'ida, saƙonni suka riƙa kai da komo. Muna sa nginx a gaba a matsayin furoksi, wato mai shiga tsakanin burauza da sabar, sai 400, lambar kuskuren buƙata, ta fara dawowa. Ashe waɗannan kanun buƙata biyu, Upgrade da Connection, na zango ɗaya ne, furoksi ba ya wuce da su sai an umarce shi. Sai da muka sa proxy_http_version 1.1, muka tura Upgrade da Connection da hannu, sannan 101 ta bayyana.

'YarLambobi: Wa alaikumus salam. Malam, ai naka da sauƙi, tunda ya ƙi tun daga farko. Ni 101 ɗin tana zuwa tsaf, amma da zarar an yi minti ɗaya ba wanda ya aika komai, sai haɗin ya tsinke, burauza ta nuna 1006, lambar yankewar haɗi ba zato, ba wani bayani. Na zargi sabar, na zargi netwok ɗin masu amfani. Ashe proxy_read_timeout na nginx ne, wato iya lokacin da yake jiran sabar ta ce wani abu kafin ya yanke haɗin, wanda asalinsa daƙiƙa 60 ne. Wani abokin aikina ya ce mu ɗaga shi zuwa awa guda mu huta. Ban yarda ba, don tsakaninmu da mai amfani akwai wasu na'urorin da ba hannunmu a kansu, kowace da nata agogon. Ping, ɗan saƙon "kana nan?", muka sa sabar ta riƙa aikawa duk daƙiƙa 30, tun daga nan shiru kake ji.

Baban_Waya: Ni a ƙaramar na'ura na rubuta sabar da kaina, babu laburaren da zai shiga ƙwaƙwalwarta. A nan na ga cewa 101 kaɗai ba ta isa. Burauza tana aiko Sec-WebSocket-Key, bayit 16 da ta zaɓa da ka ta mayar base64, wato salon rubuta bayit da haruffa. Kai kuma ka liƙa masa wata tsayayyiyar lamba da RFC 6455 ta 2011, takardar ƙa'idojin WebSocket, ta ajiye, ka yi masa lissafin SHA-1, ka mayar base64, ka dawo da shi a Sec-WebSocket-Accept. Nawa lissafin yana haɗawa da alamar ƙarshen layi, don haka amsar ba ta taɓa dacewa, burauza kuma ta kashe haɗin nan take. Ku lura, wannan ba tsaro ba ne, kowa zai iya lissafa shi. Shaida ce kawai cewa wanda ya amsa ya san WebSocket da gaske, ba wata ma'ajiya ce ta maimaita tsohuwar amsa ba.

Ɗalibi_Sabo: Yayyena, tambaya gare ni. Shafinmu yana kan HTTP/2, wato sigar HTTP ta biyu, na duba ko'ina ban ga 101 ba. Ta ina aka sauya?

'YarLambobi: Ƙanena, ba za ka gan ta ba, HTTP/2 ba ta da 101 sam. An gama cinikin tun a gaisuwar TLS, wadda ke kulle haɗin da sirri, ta hanyar da ake kira ALPN: burauza ta jera h2 (wato HTTP/2) da http/1.1, sabar ta ɗauki ɗaya. Idan ma WebSocket ne a kan HTTP/2, RFC 8441 ta 2018 ta ce da CONNECT ake buɗe shi, amsar kuma 200 ce.

Baban_Waya: Amma akwai h2c fa, HTTP/2 ɗin da ake hawa da Upgrade ba tare da TLS ba. Na gwada ta da curl, manhajar aika buƙata ba tare da burauza ba, ta yi aiki.

'YarLambobi: Da curl dai. Manyan burauzoji ba su taɓa karɓar ta ba, RFC 9113 ta 2022 ma ta ce a daina. Kuma furoksin da ke wuce da kowane irin Upgrade ido rufe yana da haɗari: idan sabar baya ta amince da h2c, an buɗe rami kai tsaye, dokokin da ka shimfiɗa a furoksi ba za su ga buƙatun da ke bi ta ciki ba. Websocket kaɗai nake bari ya wuce.

Mai_Gadin_Netwok: Namu HTTP/3 ne. Ita a kan QUIC take, wadda ke bi ta UDP, hanyar aika bayanai daban da TCP da HTTP/1.1 da HTTP/2 ke bi, saboda haka ba yadda za a juya haɗin TCP ya koma ita. Sabar dai tana sanarwa da Alt-Svc: h3=":443", burauza ta riƙe, ta gwada a haɗi na gaba. Mun kunna, a gida muna ganin h3, wato HTTP/3, a ofis kuwa h2 kullum. Katangar tsaron ofishin ce ta toshe UDP 443, burauza kuma ta koma TCP ba ko ƙorafi. Masu amfani ba su ma sani ba.

Mai_Sabar: Madalla. Akwai wanda sabar ta taɓa mayar masa da 426 Upgrade Required, wato sai an sauya ka'ida tukuna, a aikin gaske? Ni sai da na buɗe adireshin WebSocket kai tsaye a burauza na gan ta.