Waɗanda suka taɓa buɗe wurin baje kolin kayan katako na hannu, ku ba mu labari

Mai Zarto:
Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, aikin oda nake yi tun da maigidana ya yaye ni. Yanzu mu uku muka haɗa kai, ni da wani mai ɗinkin kushin da wani masassaƙi, muna so mu kama shago mu riƙa baje kolin abin da muke ƙerawa: tebura, kujeru, kabad, benci. Ba irin shagon da ake jibge kaya har rufi muke nufi ba, wurin da mutum zai shigo ya zagaya ya ga aiki da kyau. Duk wanda ya taɓa yi, ko ya taɓa kai kayansa irin wannan wuri, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar, musamman batun yawan kayan farawa da yadda ake rabon kuɗi.

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ɗana. Kafin maganar kuɗi, bari in yi maka maganar katako, don shi ke fara ba mutum kunya.

Rumfar aikina a buɗe take, iska na shiga ta fita. Shagon da na kama kuwa rufaffe ne, da na'urar sanyaya ɗaki. Babban teburin da na fi alfahari da shi bai daɗe a ciki ba ya tsage daga baki, ƙofar kabad ɗaya kuma ta karkace ta daina rufuwa. Ba gam ba ne, ba kuma haɗi ba ne. Katako yana shan danshin iskar da yake ciki, yana kuma fitar da shi. Inda danshin iska ya kai kashi 65 cikin ɗari, katako kan tsaya da ruwa wajen kashi 12. Inda ya sauko zuwa 45, sai ya koma 8 ko 9. Wannan bambancin a faɗin falanki yake bayyana, ba a tsawonsa ba, don haka saman tebur mai faɗin santimita 90 zai iya tsukewa da kusan santimita ɗaya. In ka ɗaure shi tamau da sukurori a jikin firam, ba shi da wurin motsi, sai ya tsage.

Yanzu ina da ƙaramar na'urar auna danshin katako, kuma falankan da za a yi kayan shago da su nakan kai su su yi makonni a cikin shagon kafin zarto ya taɓa su. Ramin sukurorin saman tebur kuma dogo nake yi, ba zagaye ba. Mai saye ba ruwansa da wannan bayani. Tsaga ɗaya ya gani, ya gama yanke hukunci a kan duk abin da ke ɗakin.

Uwar Shago:
Ni ba na riƙe zarto, maigidana ne mai ƙira, ni ce mai zaman shago. Ƙanena, a kan yawan kaya, kada ku cika ɗakin. Lokacin da muka fara, duk abin da ya ƙera sai ya kawo, har sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Mutane su leƙo daga ƙofa su juya. Da muka kwashe kusan rabi, muka bar hanya mai faɗin santimita 90 ko fiye tsakanin kaya, sai suka fara shigowa har ƙurya.

Abu na biyu, kuma a nan nake saɓawa da masu ƙira da yawa: ku bar mutane su zauna. Maigidana ya so a liƙa takardar "kada a taɓa", na ce ba a shagon da nake zaune ba. Kujera ba da ido ake sayen ta ba. Ban taɓa sayar da kujera ga wanda bai zauna a kai ba, kuma wanda ya ja durowa ya ji ta tafi sumul ba ta cije ba, ba ya ƙara tambayar me ya sa ta fi ta kamfani tsada. Ku haɗa tebur da kujerunsa yadda za su kasance a gida, tebur mai tsayin santimita 75, mazaunin kujera 45, mutum ya zauna ya ji gwiwarsa ta shige. I, za a yi ta gogewa, yara za su bar shatin yatsu. Tsumma mai laushi ba ya barin hannuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kayan da ke ƙasa ba su ne ke kawo yawancin kuɗi ba. Mutum zai ga tebur na mutum shida ya ce yana son irinsa na mutum takwas, ko da launi mai duhu. Wato samfur ne kuke ajiyewa, oda ce ke ciyar da shagon. Saboda haka ku tanadi ƙananan guntayen katako iri-iri da fenti iri-iri da za a riƙe a hannu, da littafin hotunan ayyukan baya. Oda kuma ba a fara ta sai da kafin alƙalami, mu rabi muke karɓa, a rubuta awo da irin katako da ranar kai kaya a rasit.

Ɗan Kamasho:
Ni ta ɗaya ɓangaren na zo. Ban buɗe nawa ba, kayana nake kai wa masu irin wannan wuri su sayar su cire kamasho. Abin da na saba gani kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ne. Da farko abin ya yi mini ciwo, har na zauna na lissafa haya da wuta da albashin mai jiran shago, na ga ba zalunci ba ne.

Inda rigima take ba a kason ba ne, a abin da ba a rubuta ba ne. Wani wuri da ba zan ambata ba sun yi wa mai saye ragi mai yawa a kan kabad ɗina ba tare da sun kira ni ba, suka cire ragin duka daga rabona. Wani benci kuma ya dawo mini da ƙafa a karye, kowa ya ce ba a hannunsa ba. Tunda ku uku ne, Malam Mai Zarto, ku zauna tun kuna dariya da juna ku rubuta: wa ke da ikon yin ragi kuma zuwa nawa, wa ke ɗaukar asarar abin da ya lalace a shago, kwana nawa bayan ciniki za a ba mai kaya kuɗinsa, wata nawa kaya za su zauna kafin a canja su. Akwai kuma wadda ta fi kowacce raba abokai: mutum ya ga aikinka a shago, ya karɓi lambarka, ya bi ka rumfa ya ba ka oda kai tsaye. Shago na da kaso a ciki ko babu? Ku amsa wannan yau.

Mai Fitila:
Aikina haɗa wuta ne, na yi wa irin waɗannan shaguna kaɗan. Farin ƙwan fitila mai tsananin haske irin na ofis yana kashe launin katako, maɗaci ja ya koma toka-toka. Ku nemi LED mai ɗumin launi, 2700 zuwa 3000K (K shi ne ma'aunin launin haske), wanda lambar CRI ɗinsa, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu, ta kai 90. Ana rubuta duka biyun a jikin kwali. Fitila ta riƙa dukan kaya daga gefe, ba daga tsakar ka kaɗai ba, a nan ne zanen jikin katako ke fitowa.

Ku kula da taga. Rana na sauya launin katako, iroko misali daga ruwan ɗorawa yake komawa ruwan ƙasa mai duhu. Na ga teburin da aka ɗora wa tukunyar fure a bakin taga, da aka ɗaga sai ga zagayen shatinta.

Baba Kafinta:
Gaskiya ne. Ni duk mako nake sa yara su juya kayan taga. Amma 'yata Uwar Shago, ba ki ce komai kan rubuta farashi ba. Ni ba na liƙawa. In mutum ya tambaya, hira ta buɗe ke nan, in nuna masa haɗin da babu ƙusa ko ɗaya a ciki.

Uwar Shago:
Baba, a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. Kai mai ƙira ne, hira da kai daɗi gare ta. Amma mutane da yawa kunyar tambaya suke ji, suna tsoron a faɗi abin da ya fi ƙarfinsu, sai su fice shiru. Tun da na fara ajiye ɗan kati mai ɗauke da farashi da sunan katako da awo da sunan wanda ya ƙera, masu tambaya suka ƙaru, ba raguwa suka yi ba.

Mai Ɗaukar Kaya:
Mu da ke kai kaya gidaje muna da roƙo ɗaya: ku auna ƙofa. Ƙofar shagonku da ta mai saye, da kwanar matakala. Ƙofofin ɗaki da yawa ba su wuce santimita 80 ba. Na taɓa ganin wadrob da aka biya kuɗinta duka ta kwana a tsakar gida, sai da kafinta ya zo ya wargaza ta ya sake haɗawa a ciki. Manyan kaya a ƙera su yadda za a kwance. Ba raini ba ne ga aikin hannu: kujerar kamfanin Thonet mai lamba 14 da ta fito a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1859, guntayen katako shida ne da 'yan sukurori, ana zuba guda 36 a kwance cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, da haka ta zagaye duniya.

In kuma mai saye daga wata ƙasa yake, ku binciki irin katakon tukuna. Tun 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa dangin itacen Dalbergia (wanda 'yan katako ke kira rosewood) da madobiya cikin waɗanda ake sa wa ido wajen tsallaka iyaka, kuma kayan Dalbergia da katakonsu ya haura kilo 10 sai da takardar izini.

Mai Zarto:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna jiya da abokan nawa, mun rubuta batun ragi da na oda ta bayan fage, shago zai riƙa karɓar kaso ko da a rumfa aka ƙulla ta. Masassaƙin namu yana so mu sa teburin aikinsa a cikin shagon don mutane su ga yana sassaƙa. Akwai wanda ya gwada?

Uwar Shago:
Mun gwada, kuma yana jan mutane sosai, har masu wucewa tsayawa suke yi. Amma aikin kurfi da wuƙa kawai. Sanfefa da inji da fenti su tsaya can waje, in ba haka ba dusar katako za ta kwanta a kan kushin ɗin abokinku, warin fenti kuma ya kori masu yara. Mu gilashi muka sa tsakani, kuma ko da shi sai an share da safe an share da yamma.