Gashin ƙashi ga mai amosanin gaɓɓai: ina ake zuwa?

Maman Ummi: Salamu alaikum. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne ke damun Hajiyarmu, irin mai kumbura yatsu hannu biyu. Ya ɗora ta kan wani magani, methotrexate, ya ba mu takardar zuwa gashin ƙashi. Ita ko ta ce mai tausa take so. Ku ba ni shawara.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, ku je da takardar.

Hajiya Babba: Maman Ummi, don Allah kar ki bari a murza mata hannu. Ƙanwata aka kai wajen wani mai tausa lokacin da ciwon ya taso, yatsun sun yi suntum, suna zafi. Ya ja su yana cewa sanyi ne zai fita. Daren nan ba ta runtsa ba, washegari ko butar alwala ba ta iya ɗagawa. Ga haɗin ƙwayoyi da wani mai kemis ke ba ta, ashe da prednisolone ciki, fuska ta kumbura, sukari ya hau. Sai da muka dangana da likita ya rage mata a hankali, don ba a yanke shi lokaci guda. Masu gashin asibiti kuwa in gaɓa ta yi zafi ba sa matsa ta, ƙanƙara suke sawa a tsumma, su motsa ta kaɗan. In ta lafa sannan ruwan ɗumi da motsa jiki.

Malam Lawal: Man habbatus sauda fa?

Anti Nas: Ta shafa, Malam, amma kar ta ajiye maganin. Gashi ma ba ya maye gurbinsa. Maman Ummi, ki kula, methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Ki kuma tambaya ko asibitin na da masu koyar da dabarun aikin gida. Ba su da yawa, amma su ne za su ba ta takalmin hannu na kwana, wato abin ɗaurawa mai tallafe hannu, su nuna mata ta naɗa tsumma a mariƙin ludayi ya yi kauri.

Ɗan Daura: Mu dai namu sanyin hunturu ne, fura ke maganinsa.

Hajiya Babba: Kai yaro, ana maganar ciwo kana maganar ciki?

Ɗan Daura: Tuba nake, Hajiya.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Abin da ya fi damunta sujada, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa da asuba, kuma ta ƙi salla kan kujera.

Malam Lawal: Ai shari'a ta yarje wa marar lafiya. Ki haɗa ni da ita in yi mata bayani.

Baban Sadik: Wai Anti Nas, kujerar masai ta masu ciwon gwiwa, a ina ake samunta? Na zaga Ƙofar Ƙaura ban dace ba.