Neman shawara: ajin yoga na mata da na buɗe ya ƙi kama ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana dan Allah. A Indiya na yi karatu, can na koyi yoga, wato motsa jiki na miƙa da sarrafa numfashi, har na yi kwas ɗin malamai na awa 200 a Rishikesh, satifiket ɗina na nan. Yanzu ina Kaduna na buɗe aji na mata zalla a falon gidanmu, Asabar da Lahadi da safe. To mace sai ta zo sau ɗaya sai a neme ta a rasa, wata ta ce mijinta ya ce bautar 'yan Hindu ce, wata kuma ta ce ita da ƙibarta ba za ta zo tana nishi 'yan mata sirara na kallonta ba. Ni wallahi ba kuɗin ne a gabana ba, so nake mu zama kamar dangi, a motsa jiki a yi maganar abinci da barci da damuwa. Ya zan yi?

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar mijin nan kar ki raina ta, don tushen abin yana da alaƙa da addinin Hindu, ke ma kin sani. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana musulmi yoga, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta ce wadda aka haɗa da ibadar Hindu da rera addu'o'insu ce haram, in motsa jiki ne zalla ba laifi. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Kin ga malamai ma sun rabe abin biyu. Ki cire om ɗin nan, wato sautin da 'yan Hindu ke rerawa a ibadarsu, da haɗa tafi a ƙirji ana sunkuyawa da jerin motsin gaida rana, sannan ki je da maigidanki ko yayanki wajen malamin unguwarku ki nuna masa abin da kike koyarwa ɗaya bayan ɗaya.

Maman Biyu: Ni dai da ni ce sunan ma zan cire, in ce ajin miƙa da numfashi, shi kenan kowa ya huta.

Anti daga Zariya: A'a Maman Biyu ban yarda ba, ranar da wata ta gano yoga ce cewa za ta yi an yaudare ta, kuma maganar ta fi ta farko yawo a gari. Ki faɗi gaskiya tun a ƙofa, ga abin da nake yi ga abin da na ajiye, wadda ta natsu ta zauna.

Wata nas: Ni ɓangarena lafiya. Kafin mace ta hau shimfiɗa ki tambaye ta a keɓe, tana da hawan jini? ciki fa? an yi mata tiyatar haihuwa kwanan nan? Mai hawan jini da mai gilakoma, wato hawan jinin ido, ba a sa su tsayuwar da kai ke ƙasa ƙafa na sama, mai ciki ba ta kwanciya rub da ciki, in cikin ya tsufa ma ba ta daɗewa a rigingine. Masu ciwon gwiwa ki sama musu kujera mai ƙwari su yi a zaune. Kuma dan girman Allah kar bakinki ya taɓa cewa wata ta bar maganin suga ko na jini wai yoga ta wadatar, a asibiti mu muke ganin ƙarshen irin wannan.

Hajiya Babba: 'Yata, Asabar da safe ai lokacin wanki da kai yara hadda ne, da yamma kuma biki, ki gwada Talata da Alhamis bayan an kai su makaranta. Ki ware mana ranar iyaye mu kaɗai, mu zo da doguwar riga da wando ba wannan matsattsen kayan ba, a tara wayoyi a kwando bakin ƙofa don ba mai son ganin kanta a sitatus ɗin wata. Darduma kuma santsi take a kan tayil, ni ta taɓa ja na sai da na dafa bango. In an gama kar ki sallame mu nan take, ki kawo zoɓo marar suga a zauna ko minti 15 ne, wadda ba ta zo ba a kira ta a ji ko lafiya.

Maman Biyu: To na janye tawa. 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya ce, ki yi ta kyauta kowa ta zo da maƙwabciyarta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Talata mai zuwa zan fara da iyaye, Hajiya kujerar roba za ta yi ko sai ta katako?

Wata nas: Ta katako ko ta ƙarfe marar hannu, ki jingina ta da bango.