Sarƙar ado don rataye firam: wace iri zan nema?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina haɗa firam na hoto, santimita 60 da 90, gilashi mai kaurin milimita 3. Mai shi yana so a rataye da sarƙa mai ruwan zinariya da za a riƙa gani a sama, ba waya a ɓoye ba. Wace sarƙa ce za ta ɗauka, wajen su wa ake samunta, kuma da me ake maƙala ta a jikin katakon?

Mai haɗa firam:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da nauyi kafin ado. Gilashin milimita 3 kilo 7.5 ne a kowace murabba'in mita, naka ya kai kilo 4 ke nan shi kaɗai. Da katako da allon baya za ka tashi kilo 6 zuwa 7. Ɗora shi a sikeli, sannan ka nemi sarƙar da ke ɗaukar ninki uku ko huɗu na haka.

Je wajen masu sayar da kayan fitilun rataye, sarƙarsu don ɗaukar nauyi aka yi ta. Ta masu ɗinkin jaka ta fi kyan gani, amma yawancinta alminiyum ce ko siririn ƙarfe, zobbanta kuma lanƙwasa su kawai aka yi, ba a yi musu walda ba. Ɗaga zobe ɗaya ka dubi haske: in ka hango tsaga a inda bakunan suka haɗu, nan zai buɗe a hankali. Mai ƙananan ƙwallaye kuwa kada ma ka kula ta a wannan nauyin.

Tafi da maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Yana da ƙarfi, sai dai a ɗaki mai danshi tsatsa za ta fito ta inda zobba ke gogar juna. Tagulla zalla ba ya kama ta, amma alminiyum ma haka, sai ka bambanta su da nauyi a hannu.

Kafinta:
Abin da ya fi yawan kayar da firam ba sarƙar ba ce, wurin maƙalawar ne. Bar sukurun nan mai kan zobe, yana fitowa waje yana lanƙwashewa. Sa zobe mai siffar D wanda ke kwanciya a jikin katako, mai ramin sukuru biyu, a sandunan gefe, ba a ta sama ba. In ka ɗaura a ta sama, duk nauyin yana kan haɗin kusurwa, gam ɗin zai saki.

Huda ɗan rami tukuna. Sukurun tagulla yana karyewa a katako mai tauri, don haka fara ɗaura na ƙarfe mai girma ɗaya, ka kwance, sannan na tagullar ya bi. In firam ɗin MDF ne, wato katakon da aka matse daga garin itace, kada ka matse da yawa, garin ciki yana marmashewa. Ka juya zoben ya kalli inda sarƙar ta nufa.

Mai haɗa firam:
Sai tsawo, kuma nan ne ake yawan kuskure. Sarƙa in ta kusa miƙewa, jan da take yi wa zobban ƙaruwa yake yi sosai. In sarƙar ta tashi digiri 30 daga kwance, kowane ɓangare na ɗauke da nauyin firam ɗin gaba ɗaya. A digiri 15 kusan ninki biyu. A 45 kashi 70 cikin ɗari ne kawai. In tsakanin zobbanka biyu masu siffar D santimita 56 ne, yanki sarƙa santimita 80. Za ta tashi kamar 28, in ka sa zobban santimita 10 ƙasa da saman firam, 18 za su fito a gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To yaya zan haɗa sarƙar da zoben ba tare da na ɓata ta ba?

Kafinta:
Filaya biyu, ka naɗa musu tef a baki don kada su kankare ruwan. Murɗa zoben ƙarshen sarƙar gefe, ɗaya gaba ɗaya baya, kada ka wage shi, don wagaggen zobe ba ya komawa daidai. In mai walda ce, sa ƙugiya mai siffar S ka matse bakinta duka biyu. Kafin ka kai wa mai shi, rataya sarƙar da nauyi ninki biyu ta kwana, da safe ka duba zobban ɗaya bayan ɗaya.