Bugun zuciyar ɗiyata ya ƙaru tun da jarrabawa ta matso

Maman Zainab, Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku game da ɗiyata mai shekara 17, wadda ke shirin zana jarrabawar JAMB, ga kuma ta WAEC tana biye. Mako uku ke nan tana kukan faɗuwar gaba da ciwon kai, ba ta kwanciya sai ƙarfe biyu na dare, tana shan kofi don kada barci ya ɗauke ta, kuma da asuba take fita saboda cunkoson motoci. Jiya aka auna jininta a kemis, aka samu 138/88. Mahaifinta yana da hawan jini, har na yi tunanin ba ta rabin ƙwayarsa.

Hajiya Bilkisu, nas, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Maman Zainab, don Allah kada ki ba ta ƙwayar nan, domin tana iya saukar da jininta fiye da kima, jiri ya kwashe ta. Idan fargaba ta kama mutum, jiki yakan saki sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, sai awo ya hau na ɗan lokaci. Kofi da rashin barci suna ƙara wa wutar fetur. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini. A sake aunawa safe da yamma na kwana bakwai, bayan ta zauna minti biyar ba ta sha kofi ba, ki rubuta ki kai wa likita, tunda akwai ciwon a gida. A duba mata ƙarancin jini ma, shi ma yana sa 'yan mata bugun zuciya. Amma in ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ta suma, ku tafi asibiti nan take.

Malam Sani, malamin sakandare, Mile 12:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. A ajina, masu raba dare su ne ke gyangyaɗi da hantsi, kuma mai shekarunta yana bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Ina roƙonki ku rage yi mata zancen maki a gida, domin yara da yawa fushin iyaye suke tsoro fiye da takardar kanta.

Maman Zainab:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Maganar maki ta taɓa ni, domin kullum sai na yi mata ita. Yau zan ɗauke kofin, gobe da safe mu fara awon.